Bagaruwa a Landan: tarihin wata dabara mai araha da ta haura zuwa kasuwar masu hali

0. Gabatarwa

A watan Oktoba na 2009 mujallar Harvard Business Review ta buga wata maƙala ta mutum uku: Jeffrey Immelt, wanda yake shugaban kamfanin General Electric a lokacin, da Vijay Govindarajan da Chris Trimble, malaman ilimin kasuwanci a Amurka. Sun ba da labarin na'urori biyu. Ta farko ta awon bugun zuciya ce, wadda aka ƙera domin ƙauyukan Indiya bisa kuɗi kamar dalar Amurka 1.000, ta biyu ta hoton ciki ce, wadda ake ɗauka a hannu, aka ƙera ta domin ƙananan asibitocin Sin bisa kamar dala 15.000. Dukansu biyu, daga baya, sun sami masu saye a Amurka. Wannan tafiya ta kaya daga ƙasar talakawa zuwa ƙasar masu hali ita ce masu rubutu da Faransanci suka fassara da innovation inversée. A 2012 littafin Navi Radjou da abokansa ya yaɗa kalmar jugaad ta harshen Hindi, daga nan kuma innovation frugale ta shiga bakin kowa. Mai karatun da ya saba da Faransa yana da nasa misalin: motar Logan, wadda Renault ya fitar a Rumaniya a 2004 domin masu ƙaramin ƙarfi, amma tun 2005 Faransawa suka shiga sayenta.

Abu biyu ne suka ja hankalinmu cikin waɗannan rubuce-rubuce. Na farko, suna ɗaukar al'amarin tamkar sabon abu ne na ƙarni na 21. Na biyu, daga ɓangaren kamfani suke ba da labarin: a misalan nan uku, mai dabarar da mai ribar duk mutum guda ne, wato babban kamfanin Turai ko na Amurka wanda ya buɗe reshe a ƙasa mai tasowa. A cikin wannan ƙasida za mu ɗauki misali na gida, wanda ya girmi waɗancan da fiye da shekara 100, inda mai dabarar daban, mai ribar daban: jemammiyar fatar akuya ta ƙasar Hausa, wadda masu ɗaurin littattafai na Landan suka fifita bisa fatun masana'antunsu wajen 1900. Abin da muke so mu nuna shi ne, idan dabara ta haura, kaya da sani da suna ba tare suke tafiya ba, kowane da hanyarsa.

1. Matsalar kalmomi

Kafin mu shiga tarihi, dole mu daidaita kalmomin aiki, tun da har yanzu ba a tsayar da su cikin Hausa ba. Kalmar ƙirƙira, wadda gidajen rediyo suke amfani da ita, tana nuna samar da abu daga babu, kuma tana da ɗan warin ƙage. Mun fi son dabara, domin ita tana ɗauke da ma'anar fita daga matsi da abin da ke hannu, kusan abin da Bafaranshe yake nufi da système D. Saboda haka za mu ce dabara mai araha a madadin innovation frugale. Game da innovation inversée kuwa, fassara ta da «juyayyar dabara» amincewa ce da cewa hanyar dabara ta asali daga Arewa take gangarowa zuwa Kudu, duk abin da ya saɓa wa haka kuma juyi ne. Wannan ra'ayi yana cikin kalmar tun daga Ingilishi, ba mu ga dalilin shigo da shi cikin Hausa ba. Za mu ce haurawar dabara, kamar yadda kwalekwale yake haura kogi.

Wani zai ce jima ai gado ce, ba sabuwar dabara ba. Gaskiya ne. Amma sabunta abu a kasuwa ake auna ta: ga mai ɗaurin littafi na Landan a 1900, fatar da aka jeme da bagaruwa sabon abu ce, kuma ta warware masa matsalar da kimiyyar ƙasarsa ta kasa warwarewa.

2. Jima

Majemi yana fara da jiƙa fata, sannan ya tsoma ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare shi da kartaji. Daga nan sai a laushe ta cikin ruwan kashin kaji ko na tattabara, ko kuma ruwan fataka, tsiron nan mai farin ƙaro da ke yaɗo a fako. Sai a zo ga uwar aikin: a daka ƴaƴan bagaruwa, a jiƙa, a riƙa murza fata a ciki har ruwan ya ratsa ta. A shafe ta da mai, a shanya, a murje. Rini ya biyo baya: ja daga karan dafi da kanwa, baƙi daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera, rawaya daga saiwoyi irin su gangamau. Fatar akuya cikin ƴan kwanaki take kammala, alhali jimar ƙirgin sa da ɓawon itacen da Faransawa ke kira chêne takan ci watanni a Turai, har shekara.

Mai nazarin harshe ba zai wuce sunan itacen ba tare da ya tsaya ba. Ana cewa bagaruwa, ana cewa gabaruwa, gwargwadon yanki. Musayar gurbin baƙaƙe ce irin ta hawainiya da wahainiya. Masana tsirrai suna kiransa Acacia nilotica, ko Vachellia nilotica bisa sabon rabo. Littattafan Faransanci na zamanin mulkin mallaka kuwa sun ce gonakié ga itacen, nèb-nèb ga ƴaƴan, kalmomin da suka ɗauko daga Senegal, inda suka fara saninsa. Sunan Hausa bai shiga Faransanci ba. A rubuce-rubucen masana jima na Ingila kuwa, bagaruwa ta sami shiga.

Arahar wannan sana'a ba daga rashin inganci ta fito ba, daga tsarin aikin ta fito. Toka ragowar murhu ce, kashin kaji ragowar akurki, kashin maƙera ragowar maƙera. Bagaruwa tana zuba a fadama. Karan dafi ana shuka shi a gefen gonar dawa. Jarin majemi bai wuce tukwane da ramuka da kartaji ba. Abin da yake da tsada shi ne sani: tsawon lokacin da fata za ta yi cikin toka kafin ta ƙone, ƙarfin ruwan bagaruwa, lokacin da za a sake shi. Wannan sani a gida ake koyonsa, ɗa daga uba, cikin unguwannin da sana'ar ta ba su suna, irin su Dukawa a birnin Kano. Ya kamata kuma a bambanta majemi da baduku: na farko yana mayar da fata jemammiya, na biyu yana ɗinka ta takalmi, ko jaka, ko kube, ko kayan doki. Baduku ne yake yin tadarishi da gafaka, wato maƙunshin takardun malamai. Duk wanda ya leƙa sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a nan Yamai ya ga irinsu. Ashe tun kafin Landan, fatar bagaruwa ta san littafi.

3. Hanyar Tarabulus da sunan Maroko

Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya lissafa kayan da birnin yake fitarwa. Tufafi ne a gaba nesa ba kusa ba, amma ya ambaci takalma, da kulabu, da jajayen fatu waɗanda aka rina da ruwan karan dawa, ya ce ana kai su da yawa har Tarabulus. Ayari yakan tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu da Abzin, ya faɗa Gat, daga nan Gadamas, sannan bakin teku.

Fata ta ƙara daraja a wannan hanya cikin shekaru 30 na ƙarshen rayuwarta, kamar yadda Marion Johnson ta nuna cikin nazarinta na 1976 bisa cinikin Tarabulus da Kano, da Stephen Baier cikin littafinsa na 1980 bisa tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Gashin jimina, wanda ya riƙe fataucin a shekarun 1870, ya faɗi a shekarun 1880 saboda Turawan Afirka ta Kudu sun shiga kiwon jimina a gona. Sai fatake suka koma ga jemammun fatu, waɗanda yawancinsu daga Tarabulus jirgin ruwa yake kwashe su zuwa Amurka. Raƙuman da suka kai fata su ne suke dawowa da akoko na Mancesta. Damagaram ta ci moriyar wannan zamani, zamanin attajirai irin su Malam Yaro. A nan muna da shaida cewa jima ba sana'a ce da ta tsaya wuri guda ba: majema sun iya faɗaɗa aikinsu domin kasuwar da ba su taɓa gani da ido ba.

To da wane suna fatar ta isa? A Turai, jemammiyar fatar akuya mai kyaun ido sunanta maroquin da Faransanci, morocco da Ingilishi. A harsunan Turai, sunan fata yakan nuna tashar da ta biyo, ko garin da ya fara shahara da ita. Cordonnier, wato mai takalmi, daga birnin Kurɗuba ya samo asali. Basane daga Larabci. Chagrin daga harshen Turkawa. Maroquin yana cikin Faransanci tun ƙarni na 16, ya haifi maroquinerie, har ma ya zama laƙabin kujerar minista, saboda jakar takardun da minista yake riƙewa.

A nan akwai wani zance da ya kamata mu rage masa gishiri. Ana yawan faɗa, a jaridu da littattafan makaranta, cewa fatar Maroko duk fatar Kano ce aka sauya wa suna. Wannan ya wuce gona da iri. Fas da Marrakish suna da majemansu tun da daɗewa, da nasu tsirran jima, kuma babbar hanyar ƙasar Hausa a ƙarni na 19 Tarabulus ta nufa, ba Maroko ba. Abin da ya tabbata ya ishe mu: kalmar ta daina nuna ƙasa ta koma nuna nau'i, fatar Kano da ta Damagaram da ta Sakkwato suka shige cikin nau'in, sunansu ya nutse.

4. Ciwon littattafan Landan

A ƙarni na 19 masu kula da ɗakunan karatu na Ingila sun lura da wani abin mamaki. Littafin da aka ɗaure shekaru 300 da suka wuce yana nan garau, wanda aka ɗaure shekaru 30 da suka wuce kuwa bayansa ya tsage, fatar ta koma jan gari mai ɓata hannu. Tun farkon shekarun 1840 Michael Faraday ya duba al'amarin a kulob ɗin Athenaeum, ya ɗora laifi bisa hayaƙin fitilun gas. A 1900 ƙungiyar Society of Arts ta kafa kwamiti na masu ɗakunan karatu da masu ɗauri da masana kimiyyar fata, cikinsu har da H. R. Procter na Lids da mai ɗauri Douglas Cockerell. Rahotonsu ya fito a 1901, aka sake buga shi da ƙari a 1905.

Sakamakon bai yi wa masana'antu daɗi ba. Kwamitin ya ga lalacewar ta fara yawa daga wajen 1830, ta tsananta bayan 1860, wato daidai lokacin da jima ta zama aikin inji. Hayaƙin gas yana da nasa laifi, amma babban laifin yana cikin fatar kanta. Masana'antu suna amfani da asid ɗin farar wuta, wanda masu gyaran mota suka sani da ruwan batir, domin haskaka fata da kama rini. Suna fere ta har ta yi siriri. Suna matse ta da ƙarfe domin fatar tunkiya ta yi kama da ta akuya. Sannan sinadarin jima, wanda Faransanci ke kira tanin, iri biyu ne: akwai wanda yake jure gurɓatacciyar iska, kamar na ganyen sumac, akwai wanda yake ruɓewa ya yi ja, kamar na ɓawon da ake jeme fatun Indiya da shi. Irin na biyu ya cika kasuwa saboda sauƙin kuɗinsa.

Cikin wannan hali ne Cockerell ya fitar da littafinsa Bookbinding, and the Care of Books a 1901. A ciki ya ce fatar da ta fi yi masa amfani ita ce fatar akuyar Niger, wadda kamfanin Royal Niger yake kawowa daga Afirka: launinta da idonta suna da kyau, kuma ta jure dukan gwajin da aka yi mata. Daga nan niger morocco, ko niger kawai, ya zama sunan da ake gani cikin kundin masu sayar da littattafai masu tsada. Ƙananan maɗaba'un alfarma na Ingila, irin su Golden Cockerel, da gidajen ɗauri irin su Sangorski da Sutcliffe, sun yi aiki da ita sosai. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ga fatar da aka jeme da toka da kashin kaji ta zama adon littattafan da suka fi kowane tsada a ƙasar da ta fi kowace masana'antu.

A lura da sunan. Niger ɗin nan ba ƙasarmu ba ce, wadda ba ta zama koloni mai wannan suna ba sai 1922. Kogin ne, ko ma dai kamfanin da ya riƙe cinikin kogin daga 1886 zuwa ƙarshen 1899. An sake maimaita abin da ya faru da Maroko: fatar ta ɗauki sunan wanda ya yi dakonta.

Cockerell bai tsaya ga yabo ba, kuma ragowar maganarsa ta fi yabon muhimmanci a tarihinmu. Ya yi kuka cewa, da yake aikin ƴan ƙasa ne, ana yin sa da sakaci, fatu da yawa suna da tabo da aibi, wasu ma ba su da amfani. Ya yi fatan masana'antun Ingila su fitar da fata mai ingancin ta Niger amma marar aibi. Kukan yana da tushe: ƙaya da kaska da ƙazuwa suna barin tabo, wuƙar mai fiɗa takan huda fata. Sai dai yawancin wannan aibi kafin fata ta iso hannun majemi yake samunta. Fatan nasa kuwa tsari ne cikakke na abin da zai biyo baya: a raba fatar da majeminta.

Sai a shekarun 1930 kimiyya ta ƙara haske bisa dalilin jurewar. R. Faraday Innes, na ƙungiyar bincike ta masu masana'antun fata na Ingila, ya nuna cewa tsirran jima suna ɗauke da wasu gishiri-gishiri masu narkewa cikin ruwa, waɗanda ba su ne suke jeme fata ba, amma su ne suke kare ta daga asid ɗin iska. Masana'anta takan wanke su tas domin rini ya kama daidai. Majemi, wanda ruwa yake yi wa tsada kuma ba ya neman launi bai ɗaya, yakan bar su a ciki. Wato wani ɓangare na abin da ake gani sakaci ne shi ne maganin. Har aka shiga shafa wa fatun masana'anta gishirin laktat domin a mayar musu da abin da aka wanke, kuma aka jera littattafan gwaji iri ɗaya a British Museum, cikin hayaƙin Landan, da kuma ɗakin karatu na ƙasar Wales a Aberystwyth, inda iska take da tsabta, aka bar su shekaru kusan 40 ana dubawa. Ba mu ce majemin Sakkwato ya san sunan waɗannan gishiri ba. Ya san dai fatar da ba ta ruɓewa cikin gafaka, kuma ya san yadda ake yin ta.

5. Daga jemammiya zuwa ɗanya

Abubuwa uku ne suka taru suka karya wannan haurawa. Na farko siyasa da hanya: Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Ingilishi sun kama Kano da Sakkwato a 1903, dogo ya iso Kano a 1911, a shekarar kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Ayarin hamada ya mutu, kaya suka juya zuwa Ikko. A nan akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Raƙumi yana tilasta a jeme fata kafin tafiya, domin kaya mai daraja ne kaɗai yake biyan wahalar watanni cikin sahara. Jirgin ƙasa ba ya tilasta haka. Busasshiyar ɗanyar fata ma tana biyan kuɗin wagonta.

Na biyu kimiyya. A 1884 Augustus Schultz ya yi rajistar jima da gishirin kurom a Amurka, a 1893 Martin Dennis ya sauƙaƙa ta. Masana'antun Filadelfiya suka shiga fitar da fatar akuya mai sheƙi domin takalman mata, da yawan da kasuwar ɗaurin littafi ba ta taɓa mafarkinsa ba. Masu jimar kurom ɗanyar fata suke so. Wadda bagaruwa ta riga ta ratsa, a wurinsu, rabin ɓatacciya ce.

Na uku shi ne aikin hukuma, wanda ya bi buƙatar masu saye. A ɓangarorin iyaka biyu, ma'aikatun kula da bisashe sun ba da ƙarfinsu ga abin da ke gaban jima: koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda ba, gina rumfunan shanya cikin inuwa, sa wa fata hatimin daraja. A ɓangarenmu, hankali ya koma ga akuyar kanta. Jar akuyar Maraɗi, wadda a Najeriya ake kira ta Sakkwato, tana da fata mai laushin ido da ƙarfin zare, tana kuma yawan haihuwar tagwaye. Likitocin bisashe na Faransa suka shiga dandaƙe bunsuran da ba ja ba a yankunan Maraɗi da Tasawa, domin launi ya zama alamar da ɗan kasuwa zai gane. Bayan ƴancin kai aka kafa cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi a 1963, a 1967 kuma A. H. Robinet ya buga dogon nazarinsa bisa matsayin wannan akuya cikin tattalin arzikin Nijar. Aiki ne mai amfani, ba mu raina shi ba. Amma a duba yadda bayanin inganci ya ƙaura: a 1901 ana yabon fatar da aka jeme, bayan shekaru 60 ana yabon jinsin dabba. Abin da yake aikin hannun mutum ya koma baiwar halitta, baiwar halitta kuwa ba a biyan kowa ladan saninta.

Fatan Cockerell ya cika. Masana'antun Ingila suka riƙa sayen fatun Najeriya, ɗanyu ko masu rabin jima, suna ƙarasa su a can. Kamfanin Russell na garin Hitchin ya sayar da nasa da sunan Oasis, har masu ɗaurin Faransa suna cewa chèvre oasis. Wani kamfanin da ya zo daga baya ya ɗauki sunan Harmatan, daga sunan da Turawa suke ba iskar hunturu, kalmar da ita ma ba ta Hausa ba ce, daga harshen Akan na bakin teku ta fito. Maroko, Niger, Oasis, Harmatan: ƙasar wasu, kogi, dausayi, iska. Sunaye huɗu, babu gari ko sana'a ko mutum na ƙasar Hausa cikin ko ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwamnatocin bayan ƴanci sun yi ƙoƙarin maido da jima gida, amma ta hanyar shigo da masana'anta irin ta Turai. SONITAN ta Maraɗi, wadda ta yi aiki a shekarun 1970, ba ta kai ƙarshen ƙarnin ba. Daga baya aka kafa wata a Damagaram da sunan Malam Yaro. Mafi yawan fatun Nijar dai Kano suka ci gaba da nufa, inda masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai suke yi musu jimar farko kafin su wuce Italiya da Spaniya. A ganinmu kuskuren wancan zamani shi ne an ɗauki jimar gargajiya a matsayin abin da za a maye gurbinsa, ko abin nuna wa baƙi a gidan tarihi, ba a ɗauke ta a matsayin dabarar da ta riga ta ci jarrabawa a kasuwa mafi tsanani ba. Da an kashe wa majema rubu'in abin da aka kashe wa injuna, wajen ruwa da tantance fata da daidaita rini, da aibin da Cockerell ya yi kuka da shi ya ragu a hannun masu sana'ar.

6. Abin da misalin yake ƙara wa muhawarar yau

Masu nazarin haurawar dabara sukan bayyana ta da farashi: kaya ya yi araha a Kudu, masu ƙaramin ƙarfi na Arewa su ma su so shi. Wannan ya dace da Logan. Bai dace da fatarmu ba. Cockerell bai nemi fatar Niger domin rangwame ba, ya neme ta domin ba ta ruɓewa. Araha ita ce ta tsara dabarar a gida, inganci ne ya haurar da ita. Akwai misalai na zamani masu wannan kama, kamar goyon bakwaini a ƙirjin uwa, wanda likita Edgar Rey ya fara a Bogota a 1978 saboda ƙarancin kwalaben jarirai, asibitocin Turai kuma suka karɓe shi saboda amfaninsa ga jariri. Sai dai shi wannan sani ne tsantsa, wanda ya haura da sunan garinsa da na masu shi, domin likitoci ne masu rubutu cikin mujallu. Majemi ba ya rubutu, kuma tsakaninsa da mai saye akwai dillali, da madugu, da ɗan Gadamas, da kamfani. Kowane matsayi na wannan jeri yana ɗauke wani abu daga labarin kayan.

Kasuwa ta sake waiwayar jimar tsirrai. Tun 2015 Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan kurom mai guba da aka yarda a samu cikin kayan fata masu taɓa jiki, kuma masu saye da dama suna neman fatar da babu ƙarfe cikin jimarta. Majeman Toskana a Italiya sun riga kowa: tun 1994 suka kafa ƙungiya mai tambari guda, wanda yake kare hanyar jima da sunan yanki a haɗe, har mai sayen jaka yana samun ƴar takarda mai bayanin yadda aka jeme fatar da inda aka jeme ta.

Nijar ma ta shiga wannan fage ta hannun OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. A farkon shekarun 2020 aka yi rajistar kaya huɗu: kilishi da albasar Galmi a matsayin alamun yanki, cuku da fatar jar akuyar Maraɗi a matsayin tambarin haɗin gwiwa. Ta haka sunan wani gari na ƙasar Hausa ya hau wannan fata bisa doka, kuma ci gaba ne na gaske. Amma a karanta sunan da aka rubuta: peau de la chèvre rousse de Maradi. Faransanci yana bambanta peau, fatar da aka feɗe, da cuir, wadda aka jeme, bambancin da kalmarmu ta fata ba ta yi sai an ƙara mata siffa. A wajen kilishi, aikin mahauci aka kare: yanka, da shanya, da yaji, da gashi. A wajen fata, akuya aka ambata. Majeman Gamkalle, a bakin kogi ƙasa da gadar Kennedy, da takwarorinsu na Damagaram da Maraɗi da Tawa, suna nan suna dakan bagaruwa, kuma kalmar da za ta nuna aikinsu ba ta cikin sunan.